Daga Filin Jirgin Kano Zuwa Ƙafin Maiyaki: Tarihin Zangon Ƙarshe

Duk wanda ya saba karanta littattafan hikaya da ake bugawa a Kano ya san yadda tauraron labari yake dawowa daga ƙasar waje. Jirgi ya sauka, ya fito yana zuba ƙamshi, direban gidansu na tsaye ya buɗe masa ƙofar mota, kafin a juya shafi har ya isa falon mahaifiyarsa. Ba mu ce marubutan sun yi ƙarya ba, don akwai masu irin wannan gata. Amma mu da muka fito daga kudancin Kano, watau ƙasashen Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, mun san wata irin dawowa dabam, wadda saukar jirgi ba ita ce ƙarshenta ba. Mutum ya ƙetare hamada da teku cikin 'yan sa'o'i, sa'an nan ya tsaya a bakin titi da jakarsa yana lissafin mota nawa zai hau kafin ya ga ƙofar gidansu. Tarihin wannan zango na ƙarshe muke so mu bi, kuma mun ɗauki Ƙafin Maiyaki a ƙasar Kiru ta zama madubi, domin tana wajen rabin hanyar Kano zuwa Zariya, a yankin da hanyar Tudun Wada da dajin Falgore da Saminaka ta rabu da babban titi ta nufi Jos.

Hanyar ta girmi jirgin

Tun kafin a san wani abu wai shi jirgi, ƙafa da kofato sun daɗe da taka wannan hanya. Bebeji babban zango ne na fatake tsakanin Kano da Zazzau, kuma ta nan Baturen nan Clapperton ya bi a 1826 lokacin da ya taso daga Zariya. A Bebeji aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, cikin zuriyar Agalawa masu fataucin goro zuwa Gwanja. Sunan ƙafi kansa yana ba da labari, don ba a kiran gari da shi sai an kewaye shi da itatuwa saboda tsaro, kuma kudancin Kano ya sha hare-haren Ningawa a rabin ƙarshe na ƙarni na 19. Wanda zai je birni a wancan zamani sai ya jira ayari, ya yi guzuri, ya yi sallama da iyali kamar mai tafiya wata ƙasa.

Ta wannan hanya ce kuma Turawa suka shigo. Rundunar Kanar Morland ta bar Zariya ranar 29 ga Janairu 1903, mutanen Bebeji suka rufe ƙofa suka ƙi ba da gari, aka buɗe musu wuta da igwa, sa'an nan aka wuce aka ci Kano ranar 3 ga Fabrairu, alhali Sarki Alu yana Sakkwato. Mai karatu ya riƙe wannan lissafi: kwana biyar daga Zariya zuwa Kano, ga sojan da ke sauri.

Bayan shekara takwas, a 1911, dogo ya iso Kano. Ga mutanen yankinmu wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin jirgin ƙasa yana tsayawa a Dangora da Madobi da Calawa kafin ya shiga birni. Tafiyar kwanaki ta koma ta yini guda ko ƙasa da haka. Gyaɗa ta sami hanyar fita, mutum ma ya samu. In za a faɗi gaskiya, jirgin ƙasa shi ne abin hawan jama'a na farko da ya haɗa talakan kudancin Kano da birni bisa ƙa'ida, yana da lokaci, yana da tikiti, yana da tasha.

Jiragen da suka bi hanyar alhazai a juye

Ranar 27 ga Oktoba 1925 wasu jiragen sojan Ingila guda uku, ƙirar DH.9A, suka tashi daga Helwan kusa da Alƙahira, ƙarƙashin wani hafsa mai suna Arthur Coningham. Ranar 1 ga Nuwamba suka sauka Kano, a filin da Turawa ke sukuwa da wasan folo a bayan gari, zamanin Sarki Usman. Daga wannan rana ake ƙirga tarihin jirgin sama a Nijeriya. Abin lura shi ne hanyar da suka biyo: Sudan, Darfur, ƙasar Cadi, Barno, Kano. Wannan ita ce hanyar da kakanninmu ke bi zuwa Makka da ƙafa da jaki, suna tafiya suna yada zango suna noma don neman guzuri, wasu su yi shekaru, wasu su zauna a Sudan har yau jikokinsu na can. Jiragen sun yi ta a juye cikin kwana shida. Watau kusan kwanakin da Morland ya yi tsakanin Zariya da Kano su Coningham ya yi tsakanin Masar da Kano, kuma shekara 22 kacal ke tsakaninsu.

A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara kawo wasiƙu da fasinja daga Hartum zuwa Kano, daga baya aka miƙa zuwa Legas. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, filin ya ƙara daraja. Tun daga 1940 ake harhaɗa jiragen yaƙi a Takoradi ta ƙasar Gana ta yau, a tuƙo su ta Legas da Kano da Maiduguri zuwa Hartum da Alƙahira, don Bahar Rum ba ta biyuwa. Bayan yaƙi kuma jiragen BOAC da KLM da Sabena suka mai da Kano wurin shan mai, domin jirgin wancan zamani ba ya iya tashi daga Turai ya kai Afirka ta Kudu ko Kwango a numfashi ɗaya.

Akwai wani hoto na shekarun 1950 da ya kamata kowane marubuci ya nema ya gani. Wani mutum ne da rawani a kan raƙumi a filin jirgin Kano, yana busa kakaki. Aikinsa shi ne in jirgi zai sauka ko zai tashi ya busa, masu wucewa da jakuna da awaki su kauce. Turawa sun ɗauki hoton don abin sha'awa, mu kuwa abin da muka gani a ciki dabam ne. Mutanen da ake busa wa kakakin su ne masu ƙasar, suna ratsa filin a ƙafa zuwa kasuwa ko gona, ba a gina shi don su ba. Fasinjan wancan lokaci ko dai Bature ne ma'aikacin gwamnati ko na kamfani, wanda mota ke jiransa ta kai shi Nasarawa ko Bompai, ko kuwa mai wucewa ne da zai sha shayi ya koma jirgi. Babu wanda ya zauna ya yi tunanin yadda mutumin Fagge zai iso filin, balle na Kiru. A ganinmu daga nan matsalar ta samo tushe: an tsara filin a matsayin zango tsakanin ƙasa da ƙasa, ba ƙofar gari ba, kuma wannan tsari ya daɗe bayan masu shi sun tafi.

Alhazai ne suka shigar da talaka

Abin da ya kawo mutumin ƙauye filin jirgi shi ne aikin hajji. A ƙarshen shekarun 1940 wasu attajiran Kano, cikinsu har da Alhaji Haruna Kasim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash, suka shiga harkar jigilar maniyyata, da fari a mota ta hanyar Sudan, daga baya a jirgin sama. Sannu a hankali gwamnati ta karɓi ragamar, har aka kafa hukumar alhazai ta ƙasa a 1975. Kuɗin man fetur ya shigo, manomi da mahauci da mai sayar da hatsi suka fara biyan kujera. Nan da nan filin da aka yi don 'yan tsiraru ya cika da dubban mutanen da yawancinsu ba su taɓa kwana a birni ba.

To, yaya suke zuwa, yaya suke komawa? Nan ne jama'a suka ƙago wa kansu abin da hukuma ba ta tanada ba. Dangi su haɗa kuɗi su ɗauki shatar mota, a-kori-kura ko hayis ko fijo doguwa, a cika ta da 'yan rakiya. Tafiya da sauƙi, tunda an san ranar da aka kira maniyyata sansani. Dawowa ce aiki. Babu waya a ƙauye, wayar hannu sai daga 2001 ta fara yaɗuwa a ƙasar, saboda haka kunne na kan rediyo ana jiran sanarwar jirgin da ya taso daga Jidda da ƙananan hukumomin da ya ɗebo. Mun taɓa zuwa taryen wani kawunmu a shekarun 1980. Aka ce jirginsu gobe, muka ɗauki shata muka iso sansanin alhazai da ke kusa da filin, muka shimfiɗa tabarmi. Gobe ta zama jibi, jibi ta zama gata. A rana ta uku direban ya ce shi fa yana da iyali, ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Da Alhaji ya sauka a daren rana ta huɗu, da haƙorin Makka da jarkar zamzam da jaka biyu, babu motar da za ta kai shi gida. Muka kwana a nan, da asuba muka yi ciniki da mai tasi ya kai mu tasha, muka jira mota ta cika. Wanda aka shirya shigowa da shi gari da jerin gwano da ham, sai ga shi ya sauka a bakin titi da hantsi, yara suka ɗauki kayan a ka. Har ya rasu yana ba da labarin yana dariya, yana cewa Jidda zuwa Kano bai gaji ba, Kano zuwa gida ce ta karya shi.

Ba kowane jira ne ya ƙare da dariya ba. Ranar 22 ga Janairu 1973 wani jirgi Boeing 707 na kamfanin ƙasar Jodan, wanda Nigeria Airways ya ɗauko haya, ya taso daga Jidda da alhazai zai tafi Legas, yanayi ya sa aka juyo da shi Kano. Wajen sauka cikin hazo ya faɗi ya kama wuta, mutum 176 suka rasu daga cikin 202. Allah ya jiƙansu. Dattawan da suka ga wannan rana sun daɗe ba su saki jiki da jirgi ba, kuma yana daga cikin abin da ya sa taryen alhaji ya zama wajibi a idon mutanenmu: sai an gan shi da ido an taɓa shi hankali ke kwanciya.

Cikin gari: daga bas zuwa acaɓa zuwa a-daidaita-sahu

An ƙirƙiri Jihar Kano a 1967, kuma zamanin Gwamna Audu Baƙo, wanda ya yi mulki har 1975, kudancin jihar ya ga canji. An gina madatsar ruwa ta Tiga tsakanin 1971 da 1974, noman rani ya kankama a Kadawa da Kura, motocin tumatir da shinkafa suka yawaita a hanyar Zariya, motocin fasinja suka bi bayansu. Jirgin ƙasa kuwa ya yi ta ja da baya, har ya zamana yaron da aka haifa a Dangora yana iya girma bai hau shi ba. Ƙungiyar direbobi ta ƙasa, wadda kowa ke kira yuniyon, ta kafu a 1978, ita ce ta riƙe tashoshi, ita ke tsara layi, 'yan kamasho na kiran fasinja. Da aka mai da hanyar Kaduna zuwa Kano tagwaye a zamanin Babangida, tafiyar ta ƙara sauri, haɗari ma ya ƙaru.

A cikin birni kuwa tasi da ƙananan bas su ne abin hawa, kuma kusan kowane layi yana ƙarewa ne a Bata ko 'Yankura. Saboda haka wanda ya fito daga filin jirgi ba shi da mota guda da za ta kai shi tashar da ake lodin kudu. Dole ya fara zuwa tsakiya, ya sauka, ya ja kaya, ya sake hawa. Da tattalin arziki ya taɓarɓare a shekarun 1980, kayan gyaran mota suka yi tsada, sai acaɓa ya cike gurbin. Ɗan acaɓa ba ruwansa da layi, duk inda ka ce nan zai kai ka, jaka a kan tanki, wata a cinyarka. Shekara da shekaru shi ne ainihin abin da ya haɗa ƙofar filin jirgi da sauran gari ga wanda ba shi da kuɗin shata.

A halin nan ne filin ya sami sunan da yake amsawa yanzu, bayan rasuwar Malam Aminu Kano ranar 17 ga Afrilu 1983. 'Yan'uwa marubuta za su tuna cewa Malam namu ne, shi ya rubuta labarin tafiyarsa Turai mai suna Motsi Ya Fi Zama. Mukan yi murmushi in muka tuna cewa filin da ke ɗauke da sunan jagoran talakawa, talaka da ƙafa yake fita daga cikinsa ya nemi abin hawa a bakin titi.

Keke mai ƙafa uku ya yaɗu ne da shirin rage talauci na gwamnatin Obasanjo daga 2001. A Kano ya sami suna ne daga shirin gyaran tarbiyya na Gwamna Ibrahim Shekarau, A Daidaita Sahu, lokacin da aka kawo kekunan a 2005 don mata su huta da hawan acaɓa. Abin da ya ba shi gari gaba ɗaya kuwa tashin hankali ne. Ranar 19 ga Janairu 2013 'yan bindiga suka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero hari, cikin 'yan kwanaki gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta hana ɗaukar fasinja a babur a ƙananan hukumomin cikin birni. Dubban 'yan acaɓa suka sayar da baburansu suka koma keke, wasu suka koma garuruwansu da sana'ar. Ga matafiyi mai kaya wannan canji ya zo da alheri, don keke na ɗaukar akwati, kuma tsohuwa na iya zama a ciki ba fargabar faɗuwa.

Shi kansa filin ya ga hawa da sauka a waɗannan shekaru. Kabo Air na Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo, wanda aka kafa a 1980, ya sa 'yan kasuwar Kano sun saba da zuwa Legas da safe su dawo da yamma. Nigeria Airways ya durƙushe a 2003. KLM, wanda ya fi kowane kamfanin Turai daɗewa yana sauka Kano, ya daina zuwa a 2012. Wasu kamfanonin 'yan Arewa irin su Max Air da Azman suka taso, 'yan umara da 'yan kasuwar Dubai da ɗalibai da marasa lafiya masu zuwa Masar suka zama su ne fasinja. Mutanen sun canza ƙwarai, amma hanyar fita daga filin tana nan yadda take.

An yi alkawari. A 2016 gwamnatin jiha ta sa hannu da wani kamfanin ƙasar Sin kan gina jirgin ƙasa na cikin birni, har wa'adinta ya ƙare a 2023 ba a shimfiɗa dogo ba. Abuja ta buɗe nata a 2018, yana zuwa har filin jirgi. Landan ta kai jirgin ƙarƙashin ƙasa filin Heathrow tun 1977. Ba muna kwatanta Kano da Landan ba ne don mu ci fuskar kowa, sai don a ga cewa abin ba sihiri ba ne. Ko dogo ma ba dole ba ne. Bas guda mai lokaci sananne, daga ƙofar fita zuwa Bata zuwa Unguwa Uku, da ta ɗauke rabin wahalar da muka bayyana. A 2021 aka ƙaddamar da aikin sabon dogo daga Kaduna zuwa Kano, kuma mutanen kudancin jihar suna da haƙƙin su tambaya ina zai tsaya a ƙasarsu, kamar yadda na 1911 ya tsaya a Dangora.

Yadda ake yin ta

Wanda ya sauka da rana, ba mai taryensa, yana da zaɓi biyu. Ko dai ya ɗauki shatar motocin da ke cikin filin, ko waɗanda ake kira ta waya, ya biya abin da sau da yawa ya ninka kuɗin motar Kano zuwa ƙauyensu, musamman tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu 2023. Ko kuwa ya saɓa jaka ya taka zuwa babban titi ya tsai da a-daidaita-sahu. In ya yi sa'a ya yi ciniki a kai shi tasha kai tsaye. In aljihu bai yarda ba, ya shiga da sauran fasinja ta gefen Sabon Gari zuwa Bata, ya sauya wani da zai bi Ƙofar Nasarawa da Dangi da Gyaɗi-Gyaɗi har Unguwa Uku ko Na'ibawa. Nan zai tambayi motar Kwanar Dangora ko ta Tudun Wada, ya biya kuɗin kujera, a yi ja-in-ja kan kuɗin kaya, sa'an nan ya zauna. Mota ba ta tashi da agogo, sai ta cika. Wanda ya zo daga Abuja bai yi sa'a guda a sama ba, amma yana iya yin fiye da haka yana kallon ɗan kamasho na neman mutum biyu na ƙarshe.

Dare shi ne babban abokin gaba. A watan Yuli 2022 gwamnatin jiha ta hana a-daidaita-sahu zirga-zirga daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe saboda tsaro, kuma ko ba doka, motocin kudu sukan yi ƙaranci bayan isha. Mai zuwa Doguwa ko Riruwai yana da ƙarin dalili, don direbobi da yawa ba sa son ratsa dajin Falgore cikin duhu. Shi ya sa har yanzu duk mutumin yankinmu da zai hau jirgi yakan fara tambayar wane ɗan'uwa yake da shi a Kurna ko Fagge ko Hotoro da zai kwana wurinsa.

In mota ta tashi kuwa, sauran tafiyar daɗi gare ta, tun da aka sake gina titin daga 2018. A haye gadar Tamburawa, a wuce masu gasa masara a Karfi, a ratsa Kura da fadamun shinkafa, Kadawa da kwandunan tumatir in rani ne, Ciromawa, ƙasa ta fara ja, duwatsu su fara leƙowa daga kudu. Fasinja ya ƙwanƙwasa jikin mota ya ce akwai sauka. Dokar 2013 ba ta iso nan ba, 'yan acaɓa na nan a inuwa suna jira, wasunsu ma waɗanda aka koro daga birni ne. Ɗaya zai taso ya karɓi jakar da har yanzu takardar jirgi ke maƙale a hannunta, ya ɗora a kan tanki, ya ce, "Sannu da hanya, Alhaji. Cikin gari ko ƙauye?"